Dakoro: Inda kare kai ke ƙarewa, ramuwar gayya ta fara

Babu lokacin da ke hana masu gari barci a gundumar Dakoro ta jihar Maradi kamar makonnin da ke tsakanin tsakiyar Oktoba da ƙarshen Nuwamba.

A lokacin ne tafkunan arewa ke ƙafewa, garkunan shanu da tumaki da raƙuma su juyo kudu neman ruwa. A gonaki kuwa dammunan gero na jingine ba a kai su rumbu ba, wake ma bai gama bushewa ba.

Kowa a yankin ya san yadda rigimar ke farawa. Dabbobi su kuɓuce wa yaro mai kiwo cikin dare su faɗa gona, ko kuma wani makiyayi ya tura su da gangan. Mai gona ya fito da gora ko adda. A yi cacar baki, a kai ga doke-doke, wani lokacin a zubar da jini.

Sa'o'in da ke biyo baya su ne ke raba ƙaramin faɗa da babbar musiba. Kafin gari ya waye samari sun taru a dandali, wasu na cewa a bi sawun garken har ruga. Idan kuma makiyayi aka ji wa rauni, a rugar ma irin wannan taron ake yi. Duk wanda ya ce a dakata a kira mai gari ko jandarmomi, kalma ɗaya ake jifansa da ita: matsoraci.

Kalmar na da nauyi a ƙasar da ake yi wa namiji kirari da jarumta tun yana yaro. Tsoron a kira shi rago kan sa mutum ya bi ayarin da zuciyarsa ba ta so. Shi ya sa tambayar wane ne jarumi, wane ne matsoraci, ta zama maganar rai da mutuwa a Dakoro.

Kan iyakar gona da kiwo

Garin Dakoro na da nisan kimanin kilomita 120 arewa da birnin Maradi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar na da mutum sama da dubu 600. Hausawa da Fulani da Buzaye ne ke zaune a cikinta, daga Kornaka da Birnin Lalle, tsohuwar hedikwatar Gobir, har zuwa kwarin Tarka a arewa.

Kwarin Tarka shi ne ƙofar yankin kiwo. Bayansa akwai Bermo, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955.

A ranar 26 ga Mayun 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka mai lamba 61-05 da ta shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke arewa da layin na makiyaya ne, kuma dokar ta ce ba a biyan diyyar ɓarnar da dabbobi suka yi a gonar da aka buɗe a can.

Amma jama'a ta ƙaru, gonakin kudu sun gaji, farin 1973 da na 1984 sun tarwatsa mutane da dama daga muhallansu. Manoma sun yi ta matsawa arewa suna sharar sabbin gonaki, wasu makiyayan da suka rasa dabbobi su ma suka rungumi fartanya. Burtalai sun matse, wasu mashayar dabbobi sun koma tsakiyar gonaki.

Sakamakon haka shi ne mutum biyu kan haɗu a bakin gona, kowannensu na ganin shi aka zalunta. Manomi na kare abincin shekara na iyalinsa. Makiyayi na kare dabbobin da su ne gonarsa da rumbunsa. Dukansu biyun suna iya rantsuwa cewa kare kai suke yi.

Toda da Bangi

Mutanen jihar Maradi ba sa buƙatar a ba su labarin inda irin wannan rigima kan kai.

A ranar 30 ga Oktoban 1991, ana dab da kammala babban taron ƙasa a Yamai, wata taƙaddama kan ɓarnar dabbobi a gona ta rikiɗe ta zama kisan gilla a ƙauyen Toda. An kashe Fulani makiyaya sama da 100 a rana ɗaya. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara.

Shekara 25 bayan haka, ranar 1 ga Nuwamban 2016, abin ya sake faruwa a Bangi ta gundumar Madawa a jihar Tahoua, maƙwabciyar Maradi. Garke ya shiga gona, faɗa ya kaure, mai gonar ya rasa ransa. Daga nan aka far wa gidajen makiyaya aka cinna musu wuta. Ma'aikatar cikin gida ta sanar da mutuwar mutum 18 da jikkatar 43. A nan ma mata da yara ne suka fi yawa cikin mamatan.

Abubuwan biyu sun yi kama ta fuska uku. Duka a lokacin kaka suka faru. Duka sun fara ne da rigimar mutane ƙalilan. Kuma a duka biyun waɗanda suka mutu da yawa ba su taka gonar ba, ba su riƙe sanda ba, wasunsu ma ba su san abin da ya faru ba.

Macen da ke dakan hatsi a ruga ba ta kawo wa kowa hari ba. Jaririn da ke goye a bayanta ma haka. Taron mutane ɗauke da makamai da ya far musu bai fuskanci wani haɗari daga gare su ba. Duk ma'aunin da aka auna da shi, wannan ba ya shiga sahun kare kai, kuma da wuya a kira shi jarumta, tunda jarumta na buƙatar abokin karawa da zai iya mayar da martani.

Irin wannan hukunci ya hau kan makiyayin da ke tura garke gonar tsohuwa ko marar gata cikin dare, yana taƙama da takobin da ke kafaɗarsa, don ya san babu mai iya tare shi. Shi ma mai rauni ya zaɓa.

Addini da doka ba su hana kare kai ba

Masu kira da a kai zuciya nesa sukan sha zargin cewa so suke mutane su miƙa wuya a yanka su. Sai dai addinin da mafi yawan mutanen Dakoro ke bi bai ce haka ba, dokar ƙasa ma ba ta ce ba.

Hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito ya bai wa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa matsayin shahidi. Suratul Shura ta yabi waɗanda ke kare kansu idan an zalunce su, sannan a wuri guda ta iyakance sakayya daidai da laifi, ta kuma ɗaukaka wanda ya yafe ya gyara. Ayoyi da dama, ciki har da na Suratul An'am da Suratul Faɗir, sun tabbatar da cewa ba a ɗora wa wani laifin wani.

A wani hadisi da Nasa'i ya rawaito, an tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo ƙwace wa mutum dukiya. Amsar ta zo daki-daki: a fara tunatar da shi Allah, sannan a nemi taimakon jama'ar da ke kusa, sannan a nemi hukuma. Sai idan duk waɗannan sun gagara ne mutum zai yi faɗa don kare abinsa.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun bi wannan tsari. Mukhtasar na Shehu Khalil ya halatta tunkuɗe mai kawo hari bayan an gargaɗe shi. Bai halatta nufin kashe shi ba sai idan an tabbata babu abin da zai dakatar da shi sai hakan. Ya kuma ce wanda zai iya kauce wa maharin ba tare da wata wahala ko cutarwa ba, bai kamata ya ji masa rauni ba. Ke nan a fiƙihu akwai gudun da ba ragwanta ba ne.

Ita ma ɓarnar dabbobi tana da hukuncinta tun da can. Suratul Anbiya ta kawo labarin shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi kan gonar da tumaki suka ɓata cikin dare. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo hukuncin da aka yanke kan taguwar Bara'u ɗan Azib: tsaron gona da rana na kan mai ita, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. A duk waɗannan hukunce-hukunce diyya ake magana, babu inda aka ce a zubar da jini saboda zangarniya.

Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa ke komawa 1961, shi ma ya wanke wanda ya kare kansa ko ya kare wani, da sharaɗin cewa haɗarin na nan a gabansa a daidai lokacin. Idan maharin ya juya baya ya tafi, dalilin ya ƙare. Wanda ya kwana ya wasa adda ya bi shi washegari, doka na kallonsa a matsayin mai sabon laifi.

Wannan shi ne layin da addini da doka suka haɗu a kai. Kare kai na da lokaci, wato lokacin da ake kawo harin. Yana da wanda ake yi wa, wato mai kawo harin shi kaɗai. Yana kuma da gwargwado. Abin da ya wuce nan ramuwar gayya ce, wadda Hausawa da kansu suka ce ta fi gayya zafi.

Haƙuri da ragwanta ba ɗaya ba ne

Duk da haka akwai gaskiya a cikin ƙorafin samarin dandali. Ba kowane shiru ne haƙuri ba. Akwai mai shiru don yana tsoron fatarsa, ya bar maƙwabcinsa a hannun azzalumi, ya ce in jifa ta wuce kansa ta faɗa kan kowa. Akwai shugaban da ke cewa a yi haƙuri don ya ci kuɗin ɓangare ɗaya. Mutane na gane irin wannan, kuma shi ke zubar da darajar kalmar haƙuri a idon matasa.

Mahatma Gandhi na Indiya, wanda duniya ta fi sani da gwagwarmaya ba tare da makami ba, ya yi magana a kan wannan dalla-dalla. A wata maƙala da ya buga a jaridarsa a watan Agustan 1920, ya bayyana cewa da za a tilasta masa zaɓi tsakanin ragwanta da amfani da ƙarfi, amfani da ƙarfi zai ba da shawara. Ya ba da misali da babban ɗansa, wanda ya tambaye shi abin da ya kamata ya yi da yana wurin lokacin da aka kusa kashe shi a Afirka ta Kudu a 1908. Gandhi ya ce masa wajibinsa ne ya kare mahaifinsa ko da da ƙarfi.

Ya kuma taɓa nuna takaicinsa kan mazan wani ƙauye a yankin Bettiah da suka gudu suka bar mata da yara a hannun ƴan sandan da ke wawashe gidajensu, suna kafa hujja da koyarwarsa. A wurinsa wannan abin kunya ne.

Matsayarsa ita ce matakai uku ne. Na ƙasa shi ne gudu a bar marasa ƙarfi. Na tsakiya shi ne tsayawa a kare su da makami. Na sama shi ne tsayawa a kare su ba tare da makami ba, mutum na sane da cewa zai iya mutuwa. Yafiya, in ji shi, ba ta da ma'ana sai daga wanda ke da ikon ramawa.

Abdul Gaffar Khan, Musulmi ɗan ƙabilar Pashtun da ta shahara da al'adar ɗaukar fansa, ya nuna cewa matakin na sama ba tatsuniya ba ne. A 1929 ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, wato masu yi wa Allah hidima, wadda dubun-dubatar mambobinta suka yi rantsuwar ba za su ɗauki makami ko fansa ba. A ranar 23 ga Afrilun 1930 sojojin Ingila suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a wata kasuwa a birnin Peshawar, mutane da yawa suka mutu ba tare da sun rama ba. Khan ya kafa hujjarsa da haƙurin da Musulmin farko suka yi a Makka.

Da bindiga ta shigo

Tsohuwar rigimar gona da garke ta gora ce da adda da kibiya. Yanzu wani sabon abu ya shigo lissafi.

Dakoro ta ɗanɗana shi tun da wuri. A daren 14 ga Oktoban 2012 wasu ƴan bindiga suka shiga garin suka sace ma'aikatan agaji shida, biyar ƴan Nijar da ɗaya ɗan Chadi. Ɗan Chadin ya mutu sakamakon raunin harbi, sauran biyar ɗin aka sako su a farkon Nuwamba. An alaƙanta lamarin da ƙungiyar MUJAO da ke riƙe da wani sashe na arewacin Mali a lokacin.

A kudancin jihar kuwa, gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa sun shafe shekaru suna fama da satar shanu da garkuwa da mutane daga ɓarayin dajin da ke tsallako iyaka. Tun daga 2019 dubun-dubatar ƴan Najeriya daga Sokoto da Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira zuwa yankin, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori.

Ga mutumin da aka sace wa mata ko aka kore wa shanu cikin dare, batun kare kai ba muhawarar zaure ba ce. Shi ya sa kiran kafa ƙungiyoyin sa-kai ke samun masu saurare. Amma abin da ya faru a maƙwabta ya isa a tsaya a yi nazari.

A arewa maso yammacin Najeriya ƴan sa-kai sun taso ne don kare ƙauyuka daga ɓarayin shanu. Ba a daɗe ba wasunsu suka koma kama duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa suna yanke masa hukunci nan take. A watan Oktoban 2021 ƴan sa-kai suka kashe Fulani kimanin goma a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa a jihar Sokoto. Kwanaki kaɗan bayan haka ƴan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutum sama da 40. Daga baya gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya haramta ƙungiyar. A kasuwannin biyu masu saye da sayarwa ne suka biya bashin da ba su ci ba.

Jihohin Katsina da Zamfara sun gwada wata hanyar, inda suka kafa rundunonin tsaron al'umma a ƙarƙashin gwamnati, Katsina a Oktoban 2023, Zamfara a Janairun 2024, da nufin a samu horo da shugabanci da wanda za a tuhuma idan an yi ba daidai ba.

A Mali, kisan Fulani kimanin 160 a ƙauyen Ogossagou ranar 23 ga Maris 2019 an ɗora alhakinsa ne kan mafarautan da suka ce kare ƙauyukansu suke yi.

A cikin Nijar ma akwai darasin Banibangu a jihar Tillaberi. Bayan kashe-kashen fararen hula da aka yi ta yi a yankin, mazauna suka kafa kwamitocin sa-ido. A ranar 2 ga Nuwamban 2021 ayarinsu, ƙarƙashin jagorancin magajin garin, ya faɗa tarkon ƴan bindiga a Adab-Dab. Gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 69, har da magajin garin. Babu mai cewa waɗannan mutane matsorata ne. Sun fita da zuciya ɗaya, amma da makaman da ba su kai na abokan gaba ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya je garin ta'aziyya, ya ce ya fahimci fushinsu, ya kuma roƙe su su bar aikin a hannun sojoji.

Abin da ya kawo sauƙi tsakanin al'ummomin Banibangu daga baya shi ne zama a tabarma ɗaya. A ranar 21 ga Janairun 2023 wakilansu suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya bayan doguwar tattaunawa. Waɗanda suka fara zuwa wurin ɗaya ɓangaren don buɗe magana sun yi kasadar da ba ta gaza ta masu hawa babura da bindiga ba, domin ana iya kashe su a can, ana kuma iya kiransu maciya amana a gida.

Jarumin da ba ya riƙe da komai

A ranar 23 ga Yunin 2018 mahara suka far wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato ta Najeriya. Mutane suka yi ta gudu zuwa ƙauyen Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa.

Da maharan suka iso suka nemi ya fito da su, ya tsaya a ƙofa ya ƙi. Ba shi da bindiga, ba shi da sanda. Ya yi ta roƙonsu, ya nuna musu cewa ya gwammace su kashe shi da ya miƙa baƙinsa. Daga ƙarshe suka tafi. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi.

Limamin bai gudu ba, bai kuma kashe kowa ba, amma ya kare rayuka fiye da yadda bindiga ɗaya za ta iya karewa a ranar. Ana iya cewa da maharan sun ga dama da sun harbe shi sun wuce. Haka ne, kuma sanin hakan da ya yi kafin ya tsaya shi ne jarumtar.

Mutanen Dakoro ba baƙin irin wannan fahimta ba ne. A wasan sharo na Fulani, wanda ake yi wa guɗa shi ne saurayin da bulala ta sauka a jikinsa bai motsa ba, bai ɓata fuska ba. Tarbiyyar pulaaku ta ɗora munyal, wato juriya, da semteende, wato kunya, a kan gaba. A kokawar gargajiya, wadda ɗan Maradi Yacouba Ango Kantou ya fara ɗaukar takobinta na ƙasa a 1975, ana gwada ƙarfi ne da tsara a gaban jama'a, wanda ya kayar ya miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi. Hadisi ma ya bayyana cewa ƙarfi na gaskiya shi ne mallakar kai lokacin fushi, ya fifita shi a kan iya kayar da mutane.

Akwai kuma wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu, kamar na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Dabara ce ta kakanni ta mayar da zafin rai wasa kafin ya kai ga makami.

A ƙauye, jarumta mafi wuya ita ce mutum ya tsaya gaban ƴan uwansa. Fuskantar baƙo da adda abu ne da jini ke ɗiba. Amma dattijon da zai tare hanyar ruga ya ce wa ƴaƴansa da ƙannensa babu mai wucewa, ko ardon da zai kamo yaronsa da ya yi ɓarna ya kai shi gaban mai gari da kansa, shi zai ci gaba da zama da masu zaginsa har ƙarshen rayuwarsa. Irin waɗannan mutane ba sa shiga labarai, domin ranar da suka yi nasara babu gawar da za a ƙirga.

Haƙuri na buƙatar inda zai kai kuka

Ba adalci ba ne a ce wa mutum ya ajiye adda idan babu inda zai kai ƙara a share masa hawaye. Bayan Toda, Nijar ta yi ƙoƙarin gina irin waɗannan wurare.

A ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara mai lamba 93-015, wadda ta samar da hukumomin kula da filaye da ake kira COFO, daga matakin gunduma zuwa na ƙauye, inda manoma da makiyaya da sarakuna da jami'an gwamnati ke zama tare. Dokar ta sa a fara kai rigima gaban sarakunan gargajiya don sulhu kafin a je kotu.

Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayun 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi, ta kuma kare burtalai da wuraren kiwo. Kowace shekara hukumomin jiha na tsayar da ranar sakin gonaki bayan tuntuɓar ɓangarorin, galibi a watan Disamba ko farkon Janairu. Makiyayin da dabbobinsa suka yi ɓarna kafin ranar zai biya, manomin da ya sari dabba shi ma zai biya.

Ƙungiyar makiyaya ta AREN, wadda aka kafa a 1990 mai hedikwata a Maradi, da shirin PASEL da ƙasar Suwizalan ta tallafa wa tun ƙarshen shekarun 1990, sun yi aikin shata burtalai da kafa musu alamomin siminti a yankin, ciki har da Dakoro.

Inda matsalar take shi ne aiwatarwa. Idan kwamitin tantance ɓarna ya yi kwanaki bai zo ba har sawun dabbobi ya ɓace, ko aka tsuga wa makiyayi tarar da ta ninka ɓarnar don an san yana da abin sayarwa, ko aka kama wanda ya yi kisa aka gan shi a kasuwa bayan mako biyu, mai kiran haƙuri ne ke jin kunya. A rigima ta gaba muryarsa ba za ta yi tasiri ba, samarin dandali kuma za su ce ai sun faɗa.

Don haka masu riƙe da hukuma su ma suna da nasu gwajin jarumtar. Mai garin da zai yanke hukunci kan ɗan garinsu idan shi ne da laifi, jami'in da zai ƙi karɓar rago daga mai garke, alƙalin da zai tsaya kan doka ko wane ne ya buga masa waya, duk suna cikin masu hana a sake ganin irin Toda.

Kaka za ta sake zagayowa, garkuna za su sake gangarowa daga Bermo da Gadabeji su ratsa kwarin Tarka, kuma da wuya a rasa gonar da za a wayi gari an yi wa ɓarna. Mai gonar na da haƙƙin ya kori dabbobin, ya kare kansa idan an zaro masa makami, ya kuma nemi diyyarsa har sai an biya shi. Makiyayin ma na da haƙƙin burtalinsa da mashayarsa da lafiyar jikinsa. Abin da babu ɗayansu da ke da haƙƙinsa shi ne jinin matar da ke ruga ko yaron da ke barci a ƙauye. Wanda ya miƙe a dandali cikin daren ya faɗi haka, ana iya kiransa matsoraci kafin asuba, amma da shi za a gaisa a kasuwar Sakabal mako mai zuwa, manomi da makiyayi duka.